Nomau da Maɓallin Soja

A garinmu akwai wani gida mai mutum uku: Iya Dudu, tsohuwa da ganinta ya fara raguwa, da jikokinta biyu, Sallau da Nomau. Sallau ɗan gwangwan ne, tsofaffin ƙarafa yake saye yana kaiwa birni. Nomau kuwa ƙato ne mai gemu, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ita Iya buri ɗaya ya rage mata, ta zauna a ƙofar gidan mahaifinta a tsohon gari kafin ta mutu. To amma tsohon gari ya zama kufai tun tuni, an nome shi, ko tubali babu. An kai ta an yi ta yawo ba a gane wurin ba, har Sallau ya rantse ya gama wannan wahala.

Wata rana Sallau ya zo da na'urar neman ƙarfe, mai kama da sanda da faifai a ƙasa. Ya miƙa wa Nomau ya ce, "Duk inda ta yi kuka, ka tona." Nomau ya ajiye fartanya a tsakar gida, ya gitta na'ura a kanta, ta yi kuka. Ya ɗauke fartanya ya tona, bai ga komai ba. Ya ajiye ta gaba, na'ura ta sake kuka, ya sake tonawa. Kafin azahar tsakar gida ta koma kamar gonar rogo bayan cira, akuyar Iya ma ta faɗa rami. Sallau ya riƙe kai ya ce, "Don Allah tafi kufai, can babu wanda za ka karya wa ƙafa."

Wata rana a kufai na'ura ta yi kukan gaskiya. Nomau ya tono wani maɓallin tagulla, ya yi kore don daɗewa, da hoton bishiya kamar dabino a jiki. Sallau ya juya shi ya yi tsaki. "Wannan ko sikeli ba zai motsa ba. Je ka nemi mai shi ka ba shi." Ranar kuwa kasuwa ke ci. Nomau ya bi maza ɗaya bayan ɗaya yana cafke wuyan riga, yana duba wanda nasa ya ɓace. Da ya zo kan Sarkin Pawa, ya sha mari mai kyau, ya ce, "Ashe ba naka ba ne."

Wata rana Nomau ya kai wa Malam Jatau tela maɓallin. Tsohon ya goge shi da tsamiya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Na kakin sojan Turawa ne, irin waɗanda aka kwasa yaƙin Bama. Ina yaro na ga masu irinsa suna maci ranar sallah, ƙirji na walƙiya. Yanzu kam duk suna maƙabarta." Nomau ya yi godiya, ya zarce maƙabarta, ya yi sallama, ya ɗaga maɓalli sama ya ce, "Na wane ne?" Yana nan tsaye yana jiran amsa har Liman ya zo ya jawo shi gida.

Wata rana, washegarin wannan, Iya ta ce a ba ta abin da ke ta jawo magana. Ta shafa shi da yatsa, ta shafa bishiyar, sai ta dunƙule hannu. Sallau, da surutun gari ya ishe shi, ya daka tsawa daga zaure, "Ka mayar da abin nan inda ka samo shi, yanzu!" Nomau ya ce, "Iya, kawo." Ta ƙi buɗe hannu. Ya yi ɗan tunani, ya shimfiɗa tabarma a baro, ya ɗauki Iya cak da maɓallinta ya ɗora, ya tura sai kufai. Sallau ya biyo su a guje yana salati, mu ma mutanen gari muka bi, muna dariya.

A bakin ramin Nomau ya sauke ta. Iya ta laluba ƙasar, ta ce, "Nan ne ƙofar Baba." Dariya ta ɗauke mana. Ta ce, "Ina 'yar ƙarama, ana gobe zai tafi, na tsinke shi daga kakinsa na binne a bakin ƙofa. Na ɗauka in maɓalli bai cika ba, ba za su tafi da shi ba. Suka tafi da shi haka nan. Bai dawo ba."

Wallahi har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Sallau ya tsuguna kusa da ita. Nomau ya ce, "Iya, to sa shi a ramin, Yaya ya ce a mayar." Ta saka shi da hannunta, ta rufe da ƙasa, ta gyara zama ta ce, "Ku bar ni in ɗan zauna a gida."