Jarumin Fim da Ruwan Shuka

Ba zan taɓa mantawa da damina ta farko da na yi a Maruta ba, ko da kuwa mutanen garin sun yi mini alfarma sun manta. An turo ni malamin gona, ina ɗanye shataf daga makaranta, kuma babu abin da nake nema kamar manoman nan su yarda na san aikina, don har lokacin "yaron gwamnati" suke ce mini.

Aibina ɗaya, kallon finafinan Hausa. Akwai wani jarumi da duk kaset ɗinsa sai na saya in na shiga Birnin Kudu (ba zan faɗi sunansa ba, bawan Allah bai san ina duniya ba). Wata rana ina duba tsohon littafin ruwan sama na ofishinmu, sai na lura cewa duk shekarar da ya fitar da finafinai da yawa, damina kan zauna da wuri. Da farko dariya na yi. Da na ja layi biyu a takarda na ga suna hawa tare suna sauka tare, sai na fara jin kaina wani shehi.

Da aka yi ruwan fari, manoma suka taru a ƙofar mai gari suna shawarar a yi shuka ko a dakata. Na miƙe na ce a shuka, bana ruwa ba zai ɗauke ba. Wani dattijo, Baba Sale, ya tambaye ni hujja cikin ladabi. Da na ce binciken ofis ne da an wuce wurin. Amma ina, sai na zaro takardata, na shiga lissafo sunayen finafinan da jarumin ya fitar bana, ga liman zaune a gabana.

Baba Sale ya gyara zama ya ce, "To Malam, mu da muke noma tun ba a haifi ɗan fim ɗin nan ba, wa yake kawo mana ruwan?"

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Babu wanda ya shuka sai ni, don taurin kai, a gonar gwaji da ke bakin hanya inda kowa zai gani. Ruwa ya ɗauke, gerona ya ƙone ƙurmus. Daga nan duk matar da za ta yi shanya sai ta aiko a tambayi Malam ko jarumin ya fitar da sabo.

Na dai koyi cewa zuwan abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan. Kuma na gode Allah da mutanen Maruta suka riga ni sanin haka, don shekarar da aka turo ni ita ce shekarar da aka yi fari.