Hambali Biza da Kwalbar Kolonya

Da na dawo Haɗejiya hutu, bayan shekarun da na kwashe ina koyarwa a Turkiyya, sai na tarar garin ya yi gaba bai jira ni ba. An sare darbejiyar ƙofar gidanmu, an kafa shagon cajin waya a gurbinta. Filin da muke buga ƙwallo ya zama gidan mai. Yaran da na bari da majina sun tsayar da gemu, har wani ya durƙusa ya kira ni Baba. Inna kuwa ta koyi kiran bidiyo, sai dai kunnenta kawai take nuna wa mutum.

Abu ɗaya na tarar daram inda na bar shi: bakin Hambali Biza.

Hambali sa'an yayana ne. Mutum ne da in ka ce ka ga giwa, shi ya taɓa goya ta a babur. Ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Na sani, na sani!" Wani lokaci can baya ya ɓace daga gari, ya dawo da wata zungureriyar kwat mai gashi a wuya, ya ce daga Santambul yake. Tun daga nan, ko rana na narka kwalta, Hambali na cikin kwat. Wai jikinsa ya saba da ƙanƙara. Fasfo kuwa, ya ce biza ta cika shi maƙil har ya ƙi rufuwa, shi ya sa ya ajiye shi. Daga nan sunan ya bi shi.

To, ashe kafin in dawo bakin nan ya yi masa rana. Alhaji Kallamu, mai sayar da ƙofofi da kayan gini a bakin kasuwa, ya gaji da saye a hannun 'yan Kano, ya ƙuduri aniyar zuwa Turkiyya da ƙafarsa. Yana neman ɗan rakiya wanda ya san gari. Wa ya san gari in ba Hambali ba? Alhaji ya yi masa alkawarin sabon fasfo, da tikiti, da otal, da ci da sha. Hambali har ya fara yi wa mutanen majalisa bankwana.

Sai ga ni na faɗo kamar daga sama.

Washegari da hantsi ina zaure ina fama da kunun gyaɗa da ƙosai, waɗanda na yi shekaru ina mafarkinsu, sai na ji sallama. Hambali ne, da kwat.

"Ticha! Mutanen Santambul! Ya ka baro mana gida?"

"Yaya Hambali, ni a Konya nake. Tafiya ce mai nisa daga Santambul."

"Na sani, na sani! Nan baya kaɗan. Mukan taka da ƙafa mu sha iska."

Na haɗiye ƙosai da ƙyar. Ya zauna, ya jawo kwanon gabansa, ya fara yi mini tambayoyi a fakaice, wai yana so ya ji ko abubuwa sun canja bayansa. Na ba shi labarin makarantar da nake koyar da Turanci, da yadda yara ke kirana Hoja, wato malam. Na ba shi labarin safiyar da na fara ganin ƙanƙara, na fita da takalmin fata na Kano, santsi ya kwashe ni a ƙofar makaranta, iyayen yara na kallo. Na gaya masa karin kumallonsu zaitun ne da cuku da tumatir ɗanye, shayi kuma a ɗan kofin gilashi kamar na wasan yara, babu madara. Duk abin da na faɗa sai in ga leɓensa na motsi, yana haddacewa.

"Har yanzu in ka shiga gidan mutum, abin nan suke fara ba ka? Abin nan dai... sunan ya kwanta mini."

"Kolonya?"

"Yauwa! Kolonya!"

"Ai ba ta da fashi. Gidan mutum, gidan abinci, har a motar dogon zango sai an bi kowa da ita. Mai ƙamshin lemon tsami ta fi yawa. Da ka zauna mai gida zai ɗauko kwalbar, kai kuma sai ka..."

"Na sani, na sani! Ni za ka gaya wa kolonya?"

Ya share sauran ƙosan, ya goge hannu a kwat, ya fice.

Bayan la'asar na tafi gaida Alhaji Kallamu, don abokin marigayi mahaifina ne. Na riƙa masa tsaraba: carbi, da alewar can, da kwalbar kolonya guda mai hoton lemon tsami ɓaro-ɓaro a jiki. Na tarar falon cike da abokan kasuwancinsa, Hambali a tsakiya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana zuba.

"...sai santsi ya kwashe ni, Alhaji, tim! A gaban jama'a. Yara suka taso, Hoja! Hoja! Haka suke kirana can."

Na tsaya a bakin ƙofa ina sauraron faɗuwata a bakin wani. Har ya ƙara mata gishiri, wai sai da aka kira motar asibiti.

Aka gaisa. Alhaji ya tambayi Inna, ya sa mini albarka, na miƙa tsaraba. Ya juya kwalbar nan a hannu, ya ɗaga ta sama yana duba ruwan.

"Zayyanu, wannan fa?"

"Kolonya ce, Baba. Al'adarsu ce in baƙo ya..."

"Kolonya!" Hambali ya daka tsalle ya fizge kwalbar, ya rungume ta a ƙirji. "Allahu Akbar! Rabona da ke! Alhaji, wannan ita ce ruwan maraba na Turkawa. Ni in ban kora abinci da kofi biyu ba, barci ba ya ɗaukata. A kawo kofi!"

"Yaya Hambali, tsaya, ba..."

"Ticha, don Allah. Kai jiya-jiya ka je. Mu muka share muku hanya."

"Ai ba sh..."

"Na sani, na sani! Da sanyi ta fi daɗi. Haka nan ma za mu yi maleji."

Alhaji ya ɗaga mini hannu. "Bar shi ya nuna mana, ɗana. Gara in koya tun daga gida, kada in je in yi abin kunya."

Hambali ya tsiyaya a kofin shayi, ƙamshi ya game falon. Ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsa sama irin na manya. Ya yi bisimilla. Na yunƙura zan riƙe hannunsa, ya kauce, ya kafa kai. Ƙwat!

Kowa ya zuba masa ido.

Da farko idanunsa ne suka firfito. Sai jijiyoyin wuya suka miƙe. Sai hawaye, shar-shar. Ya buɗe baki zai yi magana, babu abin da ya fito sai wata 'yar ƙara, fiii, kamar tayar keke ta sace. Rabin da bai haɗiye ba ya feso shi, fuuu, a kan babbar rigar wani Alhaji Mamuda da ke kusa.

"Ya daɗin?" in ji Alhaji Kallamu.

"Ta... ta gaske ce," in ji Hambali, murya kamar ta ɗan akuya. "Mai ƙarfin ce."

Na karɓi kwalbar, na ce Alhaji ya tara hannuwa. Na ɗiga masa kaɗan, na ɗiga a nawa, na murza, na shafa a wuya.

"Iyakarta ke nan, Baba. Turare ne na hannu. Lokacin korona ma da ita suke kashe ƙwayoyin cuta."

Alhaji ya sansana tafinsa. Ya dubi kofin. Ya dubi Hambali.

"Kashe me?" in ji Hambali.

"Ƙwayoyin cuta. Amma ɗan abin da ka haɗiya ba zai..."

"Innalillahi! Na sha guba!" Ya zame daga kujera ya baje a kafet, ya yi wurgi da kwat ɗin da ba a taɓa ganinsa babu ita ba. "Cikina wuta! Hanjina ya tsinke! Jama'a ku yi mini shahada!"

"Yaya Hambali, ka saurara, madara kawai za..."

"Na sani, mutuwa zan yi! Alhaji, ka yafe ni, kada in tafi da hakkinka. Wallahi ban taɓa zuwa Santambul ba! A Agege ta Legas na zauna, gilashin ido nake sayarwa a bakin titi! Jirgi a sama nake ganinsa kamar kowa!"

"Fasfon da ya ƙi rufuwa fa?" in ji Alhaji Mamuda, yana goge rigarsa.

"Babu shi! Kwat ɗin ma gwanjo ce!"

Aka ɗura masa madara. Aka kira mai kemis na maƙwabta, ya duba shi, ya ce babu abin da zai same shi sai dai gyatsa. Haka kuwa aka yi. Can Hambali ya tashi zaune, ya lalubi ƙirjinsa ya ji yana raye, ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, sai ya gane mutuwar ta fi masa sauƙi. Ya yi wata gyatsa, gaaat, falon ya sake ɗaukar ƙamshin lemon tsami. Alhaji Mamuda ya faɗi gefe yana riƙe ciki. Alhaji Kallamu ya yi dariya har hularsa ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Da yanzu ina Santambul," in ji shi yana share hawaye, "ni da ɗan rakiyata, muna shanye wa mutane turare gida-gida!"

Kafin magariba labari ya riga Hambali isa majalisa. Biza ta faɗi, ya koma Hambali Kolonya. In ya ratso layi sai ka ga mutane sun tara masa tafin hannu, wai ya ɗan yi musu gyatsa.

Ni kuwa hutu bai ƙare ba ƙafata ta fara ƙaiƙayi. A can kunun gyaɗa nake mafarki, a nan kuma na wayi gari ina kewar ɗan kofin shayin nan marar madara da hayaniyar 'yan ajina. Alhaji Kallamu ya ce jirgi ɗaya za mu hau, in damƙa shi hannun mutanen kirki a Santambul kafin in wuce Konya.

Ranar da nake haɗa kaya, ina zaure na danne akwati da gwiwa, Inna ta cusa kuka da daddawa da yaji har zif ya ƙi ja, sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Hambali ne, babu kwat. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya matso.

"Ticha, taimako ɗaya za ka yi mini. In an tambaye ka, ka ce akwai wani ƙauye can cikin duwatsun Turkiyya da suke shan kolonya."

Kafin in ba shi amsa labule ya motsa. Inna ce ta miƙo kofin ruwa daga cikin gida.

"Zayyanu, muryar Hambali nake ji ko? Ungo, ba shi ruwa." Sannan ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Amma ka yi masa bayani, wannan na sha ne. Kada ya shafa."