Rasuwar Dogo, Bencin Filin Tsamiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai ciwo har yanzu, ni Ikrima Tela na Ƙofar Dumi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗora nauyinsa a kansa bai ce na gode ba, rasuwar bencina Dogo. Ya rasu ranar Asabar ɗin da ta wuce, gab da magariba, a gindin katangar sabon filin wasa, daga waje. Ina so a riƙe wannan da kyau: daga waje. Bai taɓa shiga ba, kuma a ganina bai yi asarar komai ba.

Marigayin ɗan asalin maɗaci ne. Wani kafinta na Ƙofar Wambai ya haɗa shi tun ina saurayi, zamanin da kafinta ke jin kunyar a ce aikinsa ya karye. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aiki, bai taɓa neman hutu ba. A ranakun mako yana ƙofar shagona yana ɗaukar masu jiran ɗinki, ya sha zagin da ni ake nufi da shi a jajibirin salla, ya haɗiye bai taɓa kai mini ƙara ba. Ba shi da yawan magana. In mutum ya zauna sai ya ce ƙiii, in ya tashi ya ce ƙaƙ, iyakar abin da muka ji daga bakinsa ke nan duk tsawon zamanmu.

Amma ainihin aikinsa ranar Asabar ne, a Filin Tsamiya da ke bayan Ƙofar Ran, inda ake kokawa tun kafin a haife ni. Wanda bai san filin ba, ga yadda yake: yashi, tsamiya ɗaya, igiya a zagaye, da wani dattijo a bakin igiyar. Al'adar wurin kuwa, benci ake ƙirgawa, ba kai ba. Ka zo da bencinka, ka miƙa wa dattijon abin da ya sawwaƙa, duk wanda bencin zai iya ɗauka ya shiga a bayanka. Shi ya sa gajeren benci abin gori ne a Filin Tsamiya, mai shi kuma marowaci. Dogo bai taɓa jawo mini gori ba. In na saɓo shi daga shago, kafin in kai Ƙofar Ran na tara jama'a kamar mai rabon zakka, wani ya kama ƙafa, wani ya dafa gefe don dai a ce tare muke. Ya shigar da mai kuɗi, ya shigar da wanda aljihunsa iska ce kawai, bai taɓa tambayar kowa ɗan wane ne ba.

Mutum biyu ne ba a taɓa musu wuri. Tsakiya ta Azubuike ce, mai sayar da fenti a kusa da shagona, saboda in ya zauna a gefe ɗaya sai ɗaya gefen ya ɗaga da duk wanda ke kai. Ƙarshen dama kuma na Malam Hammadu ne. Hammadu makiyayi ne a da, shanun suka ƙare ya shigo gari, ya zauna a Ƙofar Ran yana sayar da igiya da ragama. A wannan ƙarshen bencin ya riƙa zama yana gyara wa ɗansa Mika'ilu tsayuwa, tun ana kayar da shi sau uku a yamma ɗaya har ya zama babu mai son a haɗa shi da shi. A 'yan shekarun nan idon Hammadu ya yi rauni. Abin da ke kusa yana gani, na nesa kuwa sai dai inuwa, kuma bana ya fi bara muni. Shi da kansa ya ce mana yana jin wannan ce kakar kokawarsa ta ƙarshe da ido. A kakar nan ce kuwa Mika'ilu ya kai wasan ƙarshe.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne ranar da aka ce wasu masu shirya gasa sun karɓi kokawar, za su kai wasan ƙarshe sabon fili, mai fitilu da kujerun roba. Wallahi murna muka yi. Muka ce ai kokawa ta samu ɗaukaka. Matata Azumi ta wanke Dogo da soso da sabulu, ta goge shi da man gyaɗa har yana sheƙi, ni kuma na ɗinka masa shimfiɗa da ragowar shadda. Muka ɗaure shi a kan keke napep, rabinsa a waje, muka ratsa gari da shi kamar ana kai ango. Babu ɗayanmu da ya kawo a ransa cewa akwai filin kokawa a duniya da ba a zuwa da benci.

A bakin ƙofa babu igiya, babu dattijo. Wani ƙarfe ne mai hannuwa uku yana juyawa, yana haɗiye mutane ɗai-ɗai, ga wata yarinya da riga mai ɗaukar ido tana riƙe da na'ura. Na gaishe ta, na nuna mata Dogo, na ce benci ɗaya ne, nawa za a ba da? Ta dube ni, ta dubi bencin, ta dubi jama'ar da ke riƙe da shi.

"Baba, ina za ku da wannan?"

Na ce ciki mana. Ta ce ba a shiga da kaya, kujera tana ciki kowa da lambarsa, tikiti kuma a waya ake saya, kai ɗaya tikiti ɗaya. Ban ga laifinta ba, aikinta take yi, kuma ta yi mana magana da ladabi. Da ta faɗi kuɗin ne na ɗauka na dukanmu take nufi, har na fara cewa ya yi tsada amma za mu haɗa. Ashe na mutum ɗaya ne, kuma na can sama, inda ko mai ido garau sai ya ga 'yan kokawa kamar ƙwari. Na kusa da yashi kuwa, inda idon Hammadu zai iya kaiwa, kuɗin rago ne. Wani da ya fito ya ce mana ko ruwan leda a ciki sai ka ba da abin da za ka ci tuwo da nama a Ƙofar Dumi, kuma an ƙwace masa gyaɗar da ya zo da ita a aljihu. Mika'ilu ya riga ya roƙa wa mahaifinsa wuri tun da safe, aka ce masa ba ruwan masu gasa da tikiti, wani kamfani ne ke sayarwa.

Azubuike ya yi abin da na san zai yi. Ya zaro waya yana huci, ya ce ko shagon fenti zai rufe sai ya saya wa Baba Hammadu na gaba, shi kaɗai ya shiga mu jira a waje. Hammadu ya dafa hannunsa ya mayar da wayar.

"Ɗana ne. Bayan shanu na haife shi, ba wanda ya ba ni ko gammo. Ba zan ba da rago don in ga abin da na haifa ba."

Ban ce ya yi daidai ba, ban ce ya yi kuskure ba. Na dai san ba a juya Hammadu in ya tsaya, kuma a raina na ji daɗin maganar.

Muka saɓi Dogo muka zagaya katanga. Can baya, wajen ɗakin janareta, katangar ta ɗan yi gajarta, kuma da'irar yashin tana kusa da wurin, har wurin ya fi kujerun wasu da suka biya kusa da ita. Sai dai a zaune ba a ganin komai. A nan muka yi wa marigayin abin da ba a taɓa yi masa ba tun da aka haɗa shi: muka taka shi da ƙafa. Na cire takalmina tukuna, na ba shi haƙuri a zuci. Muka ɗora Hammadu a ƙarshen dama kamar kullum, ni ina riƙe da ƙugunsa, Azubuike a tsakiya. Kafin mu ankara wasu da aka koro daga ƙofa sun hango mu, suka taho. Dogo bai taɓa korar kowa ba, ni kuma ba ni zan fara kora a madadinsa ba. Suka hau.

Da na leƙa ciki sai raina ya ɓaci. Kujeru ne jere shuɗi da ja, fiye da rabi babu kowa a kai. Makaɗa an tura su can gefe, wata na'ura ce ke ta ihu a madadinsu. Mutanen da suka raini kokawar nan suna waje suna ɗage, kujeru kuma suna ciki suna kallo.

Mika'ilu ya fito, abokin karawarsa Fortune ya fito, wani ƙato mai wuya kamar turmi. Hammadu ya ce yana ganinsu, yana gane ɗansa da tsayuwa. Suka kama juna, suka saki, suka sake kamawa. Dogo ya ce ƙiii. Fortune ya kai taɗiya, Mika'ilu ya tsallake, duk muka karkata hagu tare da shi. Dogo ya sake cewa ƙiii, wannan karon da tsawo, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ji shi sarai, amma idona na kan yashi. Sai Mika'ilu ya duƙa ya shiga ƙarƙashin Fortune, ya rungumo cinyoyinsa, ya fara ɗagawa. Dukanmu muka yi ɗage a kan yatsu lokaci ɗaya. Marigayin ya ce ƙaƙ, ya rabe gida biyu.

Muna ƙasa, ƙafar wani a wuyana, muka ji filin ya ɗauki sowa. Mika'ilu ya kayar. Hammadu yana kwance rigingine yana kallon sama, bai ji rauni ba, Allah ya tsare, a kan Azubuike ya faɗo.

Bayan an tashi Mika'ilu ya zagayo ya same mu muna tattara katako. Yashi na jikinsa, kambun gasar yana kafaɗarsa. Ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baffa, ka gani?"

Hammadu ya shafa kan ɗansa.

"Na ji," ya ce.

Ni kuwa a wurin nan kasa daurewa na yi. Hawaye na yi, ban kuma ɓoye ba.

Marigayin ya rasu ya bar ƙafafu uku masu lafiya, da ta huɗu da har yau ba a gan ta ba. Ya bar rabin katako mai kyau, wato ɓangaren dama, da ƙusoshi da suka tanƙware, da shimfiɗar shadda da bai more ba. Ya bar masu jiran ɗinki a tsaye. Ya bar jama'a masu yawa da suka ga kokawa ta dalilinsa, ciki har da waɗanda yanzu suke da kuɗin shiga sabon fili suna wuce mu a mota. Masu yaɗa cewa nauyin Azubuike ne ya kashe shi su ji tsoron Allah. Ya ɗauki Azubuike shekara da shekaru, har da lokacin da ya fi haka ƙiba. An yi shi don zama, tsada ta sa aka tsaya a kansa, abin da ya kashe shi ke nan. Duk mai neman wanda zai ɗora wa alhaki ya je bakin ƙarfen nan mai hannuwa uku ya tambayi nawa ne shiga.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. Na tuntuɓi limamin unguwarmu, ya ce in ji tsoron Allah, ba a yi wa benci salla, don haka babu salla. Za a haɗu ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar a Filin Tsamiya. Mun share yashi, mun kori awakin da suka mayar da wurin gidansu, Hammadu ya ba da igiya sabuwa. Dattijon bakin igiya ya ce zai zo da sandarsa. Ƙafafun marigayin da ɓangaren hagu za a hura wuta da su, Azumi ta dafa shayi, kowa ya sha kyauta, don ya tafi yana ciyar da mutane kamar yadda ya rayu. Ba a karɓar kuɗin ta'aziyya. Wanda ya ji tausayi ya zo da benci, kuma kada ya zo da gajere.

Bayan shayi za a sake wasan ƙarshe. Mika'ilu ne ya je har masaukin Fortune ya roƙe shi, Fortune ya amince, amma ya ce a gaya wa tsohon shi ba faɗuwa zai zo yi ba, ramuwa zai zo, kada wani ya zaci wasan kwaikwayo ne. Hammadu ya ce haka yake so. Masu gasa sun aiko cewa mai riƙe da kambunsu ba ya kokawa a wani fili sai da izininsu, in ya yi za su karɓe abinsu. Mika'ilu ya riga ya naɗe kambun a leda ya ajiye a shagona. Ƙofar Dumi, layin masu ɗinki, shagon da babu benci a gabansa. Su zo su ɗauka, shiga kyauta ne.

Ɓangaren dama kuwa ba za a ƙona shi ba. Za mu ɗora shi a kan bulo biyu a cikin igiya, a bakin yashi, kusa har ƙasar da ƙafafun 'yan kokawar suka watso ta same shi a fuska. A nan Malam Hammadu zai zauna, a wurinsa na kullum. Ko Mika'ilu ne ya faɗi ko Fortune, a kan idonsa zai faɗi.