Yadda Na Duba Jinin Rabi

Ranar da Rabi, wadda zan aura, ta zo gwajin aure ɗakin gwajinmu na Ƙofar Kaura tare da gwaggonta, na hana kowa taɓa aikin. Katin gwajin jinin da muke amfani da shi mai araha ne, mai gano cututtuka uku da ɗigon jini guda. A minti sha biyar ake duba shi, in ya wuce ƙarya yake yi. Ni kuwa na shagala da kallon idanunta har awa guda. Layukan da ke nuna akwai cuta suka fito a katin.

Na dafe ƙirji na ce, "Rabi, ko da cutar zan aure ki!"

Gwaggo ta miƙe. "Wace cuta, ɗan nan?"

Oganmu ya sake gwajin, lafiyarta ƙalau. Rabi ba ta ƙara ɗaga wayata ba. Har yau a wurin aiki, hatta mai shara "Malam Ko-da-cutar" take ce mini.