Yadda Za Ka Ciyar da Zakarun da 'Yarka Ta Sa Azumi

Tun farko in gargaɗe ka: kafin mako ya ƙare wani abu zai lalace a gidanka. Amma zakaru za su ƙoshi, wannan na ba ka tabbaci. Shekara ashirin da shida ina kiwon kaji a bayan garin Iksan, kaza ba ta taɓa wuni da yunwa a hannuna ba.

1. Fahimci aikin sama-sama

'Yata Boram tana binciken gama digiri. So take ta san nawa cikin kaza ke narkarwa daga sinadaran gina jiki, amino take ce musu, a garin kifi, garin ƙashi da garin gashin kaza. Takan ɗura wa zakara giram talatin, ta tara kashinsa a faranti ta auna. Zakaru huɗu kuwa ba a ba su komai, kwana biyu cur, wai don a san abin da hanji ke zubarwa da kansa, a ɗebe shi daga lissafi. Kai dai riƙe "ba a ba su komai". Sauran na masu ilimi ne.

2. Nemi izini sau ɗaya, a gaban shaida

"Boram, ko ƙwayar shinkafa?"

"Ko ƙwaya, Baba. In ka taɓa su, shekarata biyu ta tafi."

Gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

3. Zaɓi abin da ba ya barin alama

Shinkafa na zubewa, kimchi, kabejin nan mai jan barkono, na rina baki. Ɗebi busassun ƙananan kifin miya a aljihu, ka jira ta shiga cin abincin rana. Biyar-biyar ya isa. Ni na ba da goma-goma, don sun kalle ni.

In matarka ta ce, "Baban Boram, me ya sa kyanwa ke bin wandonka?" ka ce dama jininku ya haɗu.

4. Taya ta mamaki

Da sakamako ya fito, Boram ta ce, "Baba, garin gashi ya narke ɗari da goma sha biyu cikin ɗari."

"Ashe gashi ya fi kifi?"

"Ba abin da ke wuce ɗari, Baba."

Ta zargi sikeli, ta zargi na'ura, sannan ta koma zargin kanta. Sau uku tana sake lissafi, miyarta ta huce a gabanta. A wannan mataki kada ka kalle ta.

5. Ɗora wa ɓera

Na gwada. Ta ce, "Ɓeran da ke buɗe keji, ya mayar ya rufe?"

Wannan matakin bai cika aiki ba.

6. Ci abincinka

Yau da safe na tarar da 'yar leda kusa da kwanona, irin wadda Boram take zuba samfur. A ciki kan kifi ne guda, ta rubuta lambar keji da kwanan wata. Ta zuba min shayi da hannu biyu, kamar kullum, ta ce jibi farfesanta zai zo duba takardun.

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi da 'yarsa, ba ruwana. Ni kaina ban san ko za a bar ta ta sake gwajin ba, ban san ko sunana za ta faɗa wa farfesa ko nata ba, kuma har yanzu ba wanda ya san nawa zakara ke narkarwa daga garin gashi.