Na Fetur Ko Na Batir?

Akwai wani mutumin Gumel a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, sunansa Tanimu, direban bas ne a cikin gari. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Aibinsa ɗaya: bakinsa yakan riga shi isa wuri. In ana hirar noma, shi manomi ne. In ana hirar dambe, ya taɓa kayar da wani ƙato a kasuwar Maigatari. Abin da duk bai taɓa yi ba a duniya, to hirarsa ce ba a kawo ba tukuna.

Matarsa Rakiya ta haihu a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin garin ke daskarar wa mutum da gashin hanci, sai mahaifiyarta Hajiya Kulu ta taso daga Kano don kula da mai jego. Hajiya Kulu mace ce mai kawaici. Ba ta kiran sunan surukinta, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, sai ta ɗauki jaririn ta faɗa masa, Tanimu yana gefe ya kwashi rabonsa.

Wata rana ta buɗe firiza ta ciro ledar kifin kanti, irin wanda aka yanka fale-fale. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya, sannan ta dubi jikan nata.

"Maigida, ka ga abin da ake ba uwarka? Ba kai, ba jela, ba ƙaya. Wannan kifi ya rasu tun ban nemi biza ba. Mai jego ai farfesun ɗanyen kifi ake yi mata, wanda aka kama yana motsi."

Mai hankali da sai ya ce Allah ya hore, ya ja bakinsa. Tanimu kuwa sai ya gyara zama.

"Ai Hajiya, in don kifi ne an gama. Ga tafki nan arewa da gari, ya daskare har mota ake hawa a kansa. Huda ƙanƙarar kawai ake yi a zura fatsa. Ni da kaina zan kamo, da hannuna."

Rakiya ta ɗago kai daga kan kujera. "Kai ɗin?"

"Ni ɗin."

Hajiya Kulu ta ce wa jaririn, "To, ka ji babanka. Mu dai namu jira."

Nan Tanimu ya gane ya ɗauko wa kansa aiki, don a Gumel ruwan da ya fi zurfi da ya taɓa shiga shi ne na kududdufin bayan makaranta. Da ya bincika, sai aka ce masa ƙanƙarar tafkin kaurinta ya kusa kai ƙugun mutum, ba a fasa ta da gatari. Akwai inji na musamman, wani dogon ƙarfe mai murɗe-murɗe da kaifi a baki, a dafa shi da hannu biyu yana juyawa yana cin ƙanƙara har ya ɓulla ruwa. Kuma iri biyu ne: na fetur da na batir.

Kuskuren Tanimu na biyu shi ne neman shawara. Yana da abokai biyu, kowanne da injinsa. Mamuda bakanike, mutumin Gusau, na fetur gare shi. Injiniya Lawandi, wanda ya yi shekaru yana haɗa wa mutane sola a Kaduna kafin ya zo Kanada, na batir gare shi.

Mamuda ya tare shi a gareji. "Batir? Kai da ka taso inda ka taso, har za ka amince wa abin da sai an yi caji? Wayarka ma in ka fito da ita a sanyin nan, kafin ka gama sallama ta mutu. Na fetur kuwa, in dai da mai a galan, sai ka wuni kana huda. Ga ƙarfi. In ya yi gardama ka kwance filogi ka goge, ka san abin da ke damunsa. Batir in ya mutu, sai dai ka tsaya ka yi masa addu'a."

Tanimu ya fito daga garejin nan cikakken ɗan fetur.

Da yamma ya biya gidan Lawandi. Injiniya ya saurare shi har ƙarshe, yana murmushin tausayi.

"Wato ka ƙetaro teku, ka baro janareto a gida, yanzu kuma za ka sayi ƙaninsa ka rungume. Ka haɗa mai da baƙin mai, ka ja igiya har kafaɗarka ta goce, motarka ta yi wari, hayaƙi ya cika maka tantin da za ka fake a ciki. Ga nauyi kamar buhun siminti. Ga ƙara, kifin da ke ƙasa ya ji tun daga nesa ya kwashe iyalinsa. Nawa fa? Maɓalli ɗaya. Batirin kuma ka sa shi cikin riga ya ji ɗumin jikinka, shi ke nan."

Tanimu ya fito ɗan batir, har yana mamakin yadda aka yi Mamuda ya ruɗe shi.

Haka aka yi ta yi. Da safe fetur, da yamma batir. Mamuda da Lawandi suka daina gaisawa sai ta saƙon murya, kowanne saƙo ya fi huɗuba tsawo. Tanimu kuwa ya zama malami a fannin. A kan teburin cin abinci yana bayanin kaurin ƙanƙara da faɗin rami, yana zana wa Rakiya bakin inji da cokali. Kifi dai shiru.

Rannan Hajiya Kulu tana shafa wa jaririn mai ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Da alama kai za ka girma ka kamo wa uwarka kifin nan."

Maganar ta soki Tanimu har ƙashi. A take ya kira abokan nasa ya ce Asabar mai zuwa kowa ya ɗauko injinsa, a je tafki a gwada a gabansa. Wanda ya yi nasara shi zai saya, kuma a ranar zai dawo da kifi.

Asabar ta yi. Suka tuƙa motar Mamuda har kan tafkin, Tanimu yana ta karanto duk addu'ar da ya haddace, don bai taɓa ganin inda aka ajiye mota a kan ruwa aka fito aka rufe ƙofa ba. Fari fat iya ganinka, can nesa ga 'yan tantunan masu kamun kifi, ga iska mai yanka kunne.

Mamuda ya fara. Ya ja igiya, injin ya yi tari. Ya sake ja, ya yi atishawa. Ya ja, ya ja, har ya cire hula, zufa na daskarewa a goshinsa.

Lawandi ya naɗe hannu. "Ko a tura?"

"Sanyi ne ya kama shi. Bari ka gani."

"Ina gani ai. Tun ɗazu nake gani."

Sai Lawandi ya ɗauko nasa cikin isa, ya kafa a ƙanƙara, ya danna maɓalli. Injin ya juya a hankali kamar mai dama koko, ya sake juyawa, ya tsaya. Ashe mai wa'azin ɗumin jiki ya bar batirinsa ya kwana a bayan mota.

Mamuda ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Injiniya, ɗauke wuta aka yi? A Kanada?"

Aka rasa wanda ya fi ƙiba a cikinsu sai Tanimu, don haka aka cusa masa batirin cikin riga, a kan fatar cikinsa. Ya tsaya rungume da shi yana karkarwa, yana jijjiga shi kamar mai rarrashin yaye. Mamuda kuma ya durƙusa yana hura wa filogi iska.

Can Allah ya taimaka, na fetur ya tashi da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, ya ci ƙanƙara ya ɓulla ruwa. Lawandi ya fizgo batirinsa daga cikin Tanimu ya maƙala, nasa ma ya shige sumul, ba ƙara ba hayaƙi. Daga nan aka manta da Tanimu. Mamuda ya huda, Lawandi ya huda kusa da shi. Wannan ya ce nasa ya fi sauri, wancan ya ce a sake. Kafin rana ta karkata sun mayar da wurin kamar tandar waina.

Tanimu ya leƙa wani rami, ya ga baƙin ruwa yana motsi, zuciyarsa ta yi fari. Ya ce, "To madalla. A miƙo fatsar."



Mamuda ya dubi Lawandi. Lawandi ya dubi Mamuda.

"Ni inji aka ce in kawo," in ji Mamuda.

"Ni ma haka," in ji Lawandi. "Kai da kake masuncin, ba ka zo da ita ba?"

Tanimu bai zo da ita ba. Duk karatun da ya sha a kan inji, ko sau ɗaya bai tuna cewa kifi ba ya hawowa don ya ga an yi masa ƙofa ba. Ya juya a fusace zai nufi tantunan can ya roƙi aro, sai ƙafarsa ta dama ta zurma cikin ɗaya daga ramukan har gwiwa. Na wa ne ramin, har yau ba a daidaita ba: Mamuda ya ce irin wannan santsin baki sai na batir, Lawandi ya ce irin wannan faɗin hauka sai na fetur. Suka zaro shi, suka jefa shi a mota, aka kunna masa hita, wandonsa ya ƙame kamar fatar da aka shanya.

 A hanya ba ƙafar ke damun Tanimu ba. Fuskar Hajiya Kulu yake gani, da jaririn a hannunta, da abin da za ta faɗa wa jaririn. Da suka shigo gari sai ya ce a tsaya a babban kanti. Ya shiga yana ɗingishi, ya fito hannu wofi, don duk kifinsu yankakke ne, ba kai ba jela. Ya ce a kai shi shagon da ake sayar da kayan abincin Afirka. Nan ya samu kifi sukutum da kansa da idonsa, manya guda uku. Ya yage ledar ya jefar, ya tumurmusa su a dusar ƙanƙara a bakin titi, ya zuba a bokiti.

Mamuda ya leƙa bokitin ya ce, "Tanimu, anya kuwa?"

"Kifi kifi ne. Wa zai tambaye shi takardar haihuwa?"

Ya yi sallama a gida da muryar mayaƙin da ya dawo da ganima. Ya dire bokitin a tsakiyar kicin, ya tsaya yadda za a ga jiƙaƙƙen wandonsa.

"Hajiya, ga alkawari. An sha fama, amma an cika."

Rakiya ta leƙa bokitin, ta dube shi, ta koma ta zauna. Hajiya Kulu ta miƙa mata jaririn, ta tsuguna, ta ɗauki kifi ɗaya ta jela. Ta kakkaɓe dusar ƙanƙarar. Ta duba kan, ta duba ƙayar bayan, ta ƙwanƙwasa shi da bakin bokiti, ya yi ƙara kamar itace. Karfasa ce, irin wadda ko ɗan yaye a Kano ya sani, kifin ruwan ɗumi da in ya ga ƙanƙara sai dai a cikin firiza.

A karo na farko tun zuwanta, ta yi wa surukinta magana kai tsaye.

"Sannu da ƙoƙari, baban maigida. A tafkin naku aka kamo?"

"A can, Hajiya. Ta cikin rami, da hannuna."

"Ikon Allah. To da wanne aka haƙa ramin? Na fetur ɗin ko na batir?"

Tanimu ya ji daɗin tambayar, don a nan ne ya fi ƙarfi. Ya gyara murya.

"Ai Hajiya, bayan dogon nazari, na batir na zaɓa. Ba ƙara, ba hayaƙi, ga shi da shiga ƙasa sosai."

Hajiya Kulu ta mayar da karfasar cikin bokiti, ta goge hannunta da gefen zane.

"Shiga kam ya shiga. Ka riƙe shi da kyau, injin da ya huda Kanada ya ɓulla kogin Wudil."