Ranar da Ƙarfe Ya Auna Ƙwaƙwalwar Ɗiyata

Jama'a, Talatar da ta wuce na yi asarar kasuwa guda. Lokacin da ya kamata ina kara ina taɓa tozon bijimai, sai ga ni tsugune a filin firamaren unguwarmu nan Talata Mafara. Dalili? Masu Manyan Riguna, Allah shi ƙara musu sanyin ofis, sun aiko da mutum-mutumi ya auna ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu. Wanda ya ci, a kai shi makarantar kwana kyauta. Wanda ya faɗi, ga fartanya can tana jiransa.

Makarantar nan iska ta tafi da rabin kwanonta tun damina biyu. Yara sun fi ɗari a ƙasa, malama guda. Amma shi ƙarfen an kafa masa rumfa, an ba shi kujera mai laushi da janareta nasa shi kaɗai. Kitso da ƙwarƙwata ke nan. Maƙwabcina Barau mahauci ya zungure ni: "Wallahi Mamuda, da ɗiyana ƙarhe ne, da sun ji daɗin duniya."

Na ce, "Mu dai a kara, sai an ba bijimi dusa kana a duba ƙibarsa."

Aka kira ɗiyata Hamdiyya, yarinyar da ke karanta mani takardar asibiti ta fassara. Ta je gaban ƙarfen ta durƙusa, ta sunkuyar da kai yadda uwarta ta koya mata. Tambaya goma ya yi, goma ta amsa, idonta na ƙasa. Sai ya yi ƙiii, ya tofo takarda: wai ba ta kallon mai magana, hankalinta ba ya wurin, ba ta da gaba a karatu.

Ita ko hawaye shar.

Wani mai farar shadda da ya rako injin daga birni ya ce ai ba ya kuskure, daga ƙasar waje aka sayo shi.

"Ranka shi daɗe," in ji ni, "can ƙasar wajen, ido cikin ido ɗiya ke kallon uwayensu?"

Ya duba agogo.

Sai Malama Amatullah ta miƙe, wadda shekara huɗu ke nan tana koyar da yarinyar. Ta ce, "Yallaɓai, in kunya ce faɗuwa, to ku hutar da kanku zuwa Bakura da Maradun gobe, duk sun faɗi." Aka duba takardu. Cikin arba'in da aka auna uku suka ci, kuma ukun nan su ne taƙadiran unguwa, waɗanda ko liman ba su rusuna wa.

Da yake masu ɗaukar hoto na tsaye, aka yarda a sake. Malama ta ja Hamdiyya gefe: "Ke, wanga ba babanki ba ne. Ƙanen injin niƙa ne. Zare mishi ido!"

Ta zare. Ta ci, har da tafi. Mai farar shadda ya matso aka ɗauke su hoto, ya ce wannan nasarar fasaha ce. Malama kuwa ko sannu.

To, yarinya ta samu makaranta, alhamdulillahi. Sai dai jiya na kira ta zan aike ta, ta tsaya ƙyam ta kafe ni da ido har na manta aiken. Uwarta ta ce in tsawata mata. Na ce ba da ni ba, kada in rage mata maki.